Poka ta zaɓin mai rabawa: me ke kawo musu, kuma yaya ake tsara ta a gida?

"Assalamu alaikum. Mu bakwai ne abokai a nan Garwa, duk daren Asabar bayan isha'i mukan haɗu a zauren ɗayanmu, a ɗora shayi a buga karta. Da bilot muke yi, daga baya muka koyi poka irin ta Holdem a waya. To wani a cikinmu da ya daɗe a Yawunde ya zo mana da sabon salo, wai duk wanda rabon karta ya zo kansa shi zai zaɓi irin pokar da za a buga. Da farko abin ya yi daɗi, amma yanzu kullum sai an tashi da musu. Kowa da dokarsa, wasu wasannin ba mu san kansu ba, shi kuma mai kawo su shi ke cinye mu. Da murafun kwalba muke yi, amma wasu sun fara cewa a sa ko sefa 100 ne don abin ya yi armashi. Yaya ake tsara irin wannan wasa, kuma waɗanne iri ne suka dace da mu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana so ku ci gaba da canza wasa a dare ɗaya ba tare da wanda ya fi sani ya riƙa danne sauran ba, kuma ba tare da an koma gida da ɓacin rai ba. Wannan mai yiwuwa ne. Abin da ya same ku shi ne kun bai wa mai rabawa iko, ba ku sa masa iyaka ba, kuma kusan duk musun da ka lissafa daga nan ya fito.

Poka ba wasa ɗaya ba ce, dangi ne mai yawa. A Amurka ta taso a farkon ƙarni na 19, wajen birnin New Orleans da jiragen ruwan kogin Misisipi, kuma da karta 20 kacal aka fara yin ta kafin ta koma 52. Holdem da kuka koya a waya ɗaya ce daga cikin dangin, ta yi suna ne saboda da ita ake babbar gasar duniya ta birnin Las Vegas, wadda aka soma a 1970, sannan talabijin da intanet suka yaɗa ta. Zaɓin mai rabawa kuwa al'adar gida ce, ta abokai. Sai a 2014 aka saka ta cikin jerin wasannin waccan gasa, kuma ko a can, inda ƙwararru da yawa ke zaune, ba a barin mutum ya ƙirƙiro wasa daga kansa. Akwai jerin wasanni a rubuce, daga ciki yake zaɓa, kuma abin da ya zaɓa shi za a buga har a zagayo. Idan ƙwararru na buƙatar wannan shinge, ku da kuka fara jiya kun fi buƙatarsa.

Me ya sa mai kawo wasa ke cinye ku

Kada ka yi saurin zargin abokinku da maguɗi. Tsarin da kuke bi ne ke ba shi nasara ko da zuciyarsa fari fat take.

A poka, wanda ke magana a ƙarshe ya fi kowa morewa, domin ya riga ya ga wanda ya zuba, wanda ya ƙara da wanda ya janye kafin ya yanke shawara. A Holdem, da Omaha, da poka mai karta biyar da canji, wannan matsayi na mai rabawa ne. To idan kowa na zaɓen wasa ne na rabo ɗaya tak, mai wayo zai zaɓi wasan da ke ba mai rabawa wannan fifiko, shi kuma wanda bai sani ba ya zaɓi wanda ba ya ba shi komai. Ka ƙara da cewa wasan da mutum ya kawo ya buga shi sau da yawa, ku kuwa kafin ku gane inda aka dosa an riga an kwashe tulin, wato abin da aka zuba a tsakiya, an koma wani wasan. Ba a ba ku damar koyo ba ko kaɗan.

Maganin da na ga yana aiki a teburanmu shi ne wasan da aka zaɓa ya yi cikakken zagaye. Ku bakwai ne, to a buga shi rabo bakwai, kowa ya raba sau ɗaya. Idan karta ta dawo hannun wanda ya zaɓa, sai ya miƙa wa na hagunsa, shi ne mai sabon zaɓi kuma shi zai fara rabawa. Ku ajiye wani abu, ko cokalin shayi ne, a gaban mai zaɓi don kada a manta inda aka tsaya. Da wannan kowa ya ɗanɗana kujerar ƙarshe, kuma a rabo na uku ko na huɗu sabon shiga ya fara gane wasan.

Sannan ku sami ƙaramin littafi ku rubuta wasannin gidanku, kowanne da dokarsa a layi uku ko huɗu. Abin da ba ya cikin littafi ba a zaɓensa. Mai son shigo da sabo ya bari sai farkon zama, a buga shi sau biyu karta a buɗe ba tare da zubi ba, idan mafi yawa sun yarda a rubuta shi. Na fi ba littafin nan muhimmanci a irin zamanmu saboda wani dalili: teburinmu ba na sa'anni zalla ba ne. Akwai yaya, akwai maigidan wani a kasuwa, akwai suruki. Ƙaramin cikinku ba zai iya kallon babba ya ce masa dokar da ya faɗa ba haka take ba, zai haɗiye ne ya tafi da abin a ransa. Amma kowa na iya cewa a duba littafi ba tare da ya yi wa kowa rashin kunya ba.

Haka batun harshe. A Garwa tebur ɗaya kan haɗa Hausa, Fulatanci da Faransanci. Mai rabawa ya faɗi sunan wasa da dokarsa da harshen da kowa ke ji kafin ya taɓa karta, kuma muddin karta na hannu kada mutum biyu su koma wani harshen da na uku ba ya ji. Ko hirar ƙwallo suke yi, wanda aka cinye zai ɗauka shi ake ƙulla wa.

Darajar hannu da irin kartar da kuke amfani da ita

A shafin farko na littafin ku rubuta darajar hannu, daga ƙasa zuwa sama: babbar karta, tagwaye, tagwaye biyu, 'yan uku, jere wato karta biyar masu bin juna a lamba, iri ɗaya, cikakken gida wato 'yan uku da tagwaye, 'yan huɗu, sai jere mai iri ɗaya. Iri ɗaya na nufin alama ɗaya, ba ja da ja ko baƙi da baƙi ba. Wannan jeri ba son ran wani ba ne, lissafi ne. A karta 52 akwai hanyoyi 2,598,960 na ɗaukar biyar. A ciki tagwaye biyu na fitowa ta hanya 123,552, 'yan uku 54,912, jere 10,200, iri ɗaya 5,108, cikakken gida 3,744, 'yan huɗu 624, jere mai iri ɗaya 40 kawai. Abin da ya fi wuyar samu shi ya fi daraja.

Tun da daga bilot kuka fito, ina jan kunnenka kan kartar bilot mai 32, wadda ke farawa daga 7 zuwa as, wato karta mai harafin A. Ba ta isar mutum bakwai a yawancin wasannin nan, kuma tana birkita lissafin da ke sama. A cikinta cikakken gida na fitowa ta hanya 1,344, iri ɗaya kuwa 224 ne kawai har da masu jere, wato a nan iri ɗaya ya fi cikakken gida wuya nesa ba kusa ba. Ku sayi mai 52, biyu masu launin baya daban, ana buga ɗaya ana cakuɗa ɗaya. Idan da hali ku nemi ta roba. Zafin Maris da Afirilu na garinku da gumin hannu ba sa barin kartar takarda ta daɗe, kuma da zarar kusurwar as ta lanƙwashe kowa ya san ta ta baya, wasa ya lalace ke nan.

Wasannin da zan sa muku a littafi

Holdem tana nan, kun san ta: karta biyu a hannun kowa, biyar a buɗe a tsakiya na kowa da kowa. Kusa da ita akwai wadda Turawa ke kira Abarba: karta uku ake ba kowa maimakon biyu, ya yar da ɗaya, sauran duk Holdem ce. A wani salon ana yarwa kafin a buɗe ukun farko na tsakiya, a wani bayan an buɗe, sai ku zaɓi ɗaya ku rubuta. Ita ce mafi sauƙin ƙari ga mutanen da Holdem kaɗai suka iya.

Sai Omaha, kuma a nan zan ɗan tsaya, don ita ce uwar musu. Karta huɗu ake ba kowa, biyar a tsakiya kamar Holdem, amma dole ne ka yi amfani da biyu cif daga hannunka da uku cif daga tsakiya. Ba ɗaya ba, ba uku ba. A ce kubi huɗu sun fito a tsakiya, kai kuma kana riƙe da as na kubi shi kaɗai. A Holdem ka yi iri ɗaya mafi girma. A Omaha ba ka da shi sam, sai kana da kubi biyu a hannu. Duk wanda ya zo daga Holdem sai ya faɗa wannan rami, shi ya sa nake sa mai rabawa ya maimaita "biyu a hannu, uku a ƙasa" a kowane rabo har sai ya zama jiki. Kuma lokacin buɗewa kowa ya tura biyun da yake amfani da su gaba, ido ya gani. Wani abin lura, tun da kowa na da karta huɗu, hannuwa na ƙaruwa da ƙarfi. Tagwaye biyun da kake taƙama da su a Holdem sau da yawa ba sa kai ka ko'ina a nan.

Poka mai bakwai, wadda ake kira Stud, ita na fi so wa taron abokai. Babu kartar tsakiya. Ana ba kowa biyu a rufe da ɗaya a buɗe, a yi zubi, sai uku a buɗe ɗaya bayan ɗaya kowacce da zubinta, ta bakwai kuma a rufe. Ka zaɓi biyar mafi kyau daga bakwai ɗinka. Daɗinta shi ne ba kujera ke tsara magana ba, kartar da ke buɗe ce: a matakin farko mai ƙaramar karta ke buɗe zubi, daga nan kuma mai hannu mafi ƙarfi a fili ke fara magana. Mai rabawa ba shi da wani fifiko. Tana kuma saka wa mai lura, domin wanda ya tuna kartar da wasu suka ajiye ya san abin da ba zai ƙara fitowa ba. Ku bakwai karta 49 za ku ci idan kowa ya kai ƙarshe, ta isa, amma kada ku riƙa ƙona karta, wato yar da ta sama a rufe, kafin kowane rabo. Ranar da baƙo ya zo kuka zama takwas, 56 ake buƙata, sai a buɗe karta ɗaya a tsakiya ta zama ta bakwai ga kowa idan ta ƙare.

Mai biyar da canji ita ce tsohuwar poka, biyar a rufe, zubi, canji, zubi, a buɗe. Ta fi dacewa da mutum shida zuwa ƙasa. Ku bakwai kun ɗauke 35, saura 17, ko an taƙaita canji a uku tana iya yankewa, sai an cakuɗa waɗanda aka yar. Ku ajiye ta sai daren da wani bai zo ba.

Bayan wata ɗaya ko biyu za ku iya ƙara wasan ƙasa, inda hannu mafi rauni ke ci. Raz ita ce Stud a juye: as na ƙasa, jere da iri ɗaya ba sa cutarwa, mafi kyawun hannu shi ne as, 2, 3, 4, 5. Akwai wani salon ƙasa inda as ke sama kuma jere da iri ɗaya ke lalata hannu, mafi kyau a can shi ne 7, 5, 4, 3, 2. Kada ku haɗa salon biyu a gida ɗaya, ku riƙe na farko. Da shi ne kuma ake wasannin raba tuli, rabi ga mai sama rabi ga mai ƙasa, da sharaɗin hannun ƙasa ya zama karta biyar mabambanta daga 8 zuwa ƙasa, in babu mai sama ya kwashe duka. Murfin da ya yi saura wajen rabawa na mai sama ne. Mutane na son irin wannan domin mutum biyu ke murna a rabo ɗaya, sai dai yana cin lokaci wajen ƙirga.

Batun joka

Ina kyautata zaton wasannin da abokinku ke cinye ku da su masu joka ne, inda ake mayar da wata karta ta zama duk abin da mai ita ke so. Akwai Bi Sarauniya: Stud ce, idan sarauniya ta fito a buɗe, kartar da ta biyo ta da duk 'yan'uwanta sun zama joka, wata sarauniyar ta sake fitowa a canza. Akwai Besbol, inda duk 3 da duk 9 joka ne, takwas ke nan, wanda 4 ta faɗo masa a buɗe kuma a ƙara masa karta. Ana dariya sosai a irin waɗannan, ban hana ku ba. Amma ka san abin da joka ke yi wa lissafi. Joka ɗaya tak idan aka ƙara a karta 52, 'yan uku na tashi zuwa hanya 137,280, tagwaye biyu na nan a 123,552, wato hannun da ya fi daraja ya koma ya fi sauƙin samu. Ina ga takwas? A Besbol mutum na iya riƙe cikakken gida yana zuba murafunsa da ƙarfin gwiwa, alhali 'yan huɗu ma ba su da tabbas. Wanda ya saba ya san haka, sabo bai sani ba, kuma a nan ake yi masa sakiyar da ba ruwa.

Shawarata a buga wasa mai joka sau ɗaya kawai a dare, joka kada su wuce huɗu, kuma a rubuta cewa 'yan biyar sun fi jere mai iri ɗaya. A Bi Sarauniya ku yanke tun farko ko su kansu sarauniyoyin joka ne, da abin da zai faru idan sarauniya ce kartar ƙarshe da aka buɗe, domin gida gida ake saɓawa a kan waɗannan biyun.

Salo ɗaya ne zan ce kada ya shiga littafinku ko da wasa: wanda duk wanda ya tsaya aka cinye shi zai biya daidai abin da ke tuli. Ka lissafa. Tuli na 7, mutum uku suka tsaya, ɗaya ya ci, biyu suka biya, ya zama 14. A sake, 28, sai 56, sai 112. Rabo huɗu kacal tulin ya wuce maki 100 da zan ce a ba kowane mutum na dare.

Murafu, iyakar zubi, da maganar sefa 100

Ku raba wa kowa maki 100 daidai: wake ɗaya maki 1, tsinken ashana 5, murfin kwalba 10. Ku bar salon "na zuba duka" da kuke gani a waya, bai dace da tebur mai canza wasa ba, don kuskure ɗaya a wasan da mutum bai gane ba zai mayar da shi ɗan kallo tun ƙarfe tara. Ku yi zubi mai iyaka: 2 a matakan farko, 4 a na ƙarshe, ƙari kada ya wuce sau uku a mataki ɗaya. Kowa ya sa 1 kafin a raba, a kowane wasa, sai ku huta da rikicin wa ke da zubin dole.

Masu cewa a sa kuɗi suna da hujja guda da ya kamata a amsa musu: idan babu abin asara kowa bi yake yi har ƙarshe, burga ba ta aiki, poka ta zama buɗe karta kawai. Gaskiya ne. Amma abin da ke sa mutum tsoron bi shi ne abin hannunsa ya zama mai ƙarewa. Ku hana ƙari da aro: wanda makinsa ya ƙare ya gama na daren. A ƙarshen zama a rubuta abin da kowa ya tashi da shi a bayan littafi, a tara na wata uku a ga gwani. Na ga manyan mutane suna zufa a kan wake goma saboda sunansu na ƙasan shafi.

Kuɗi kuwa, ko sefa 25 ne, sunansa caca, kuma hukuncinta a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, inda aka ambaci ƙiyayya da gaba da take jefawa tsakanin mutane da yadda take shagaltarwa daga salla. Ban da wannan, a idona na ga yadda take tafiya: 100 ta zama 500, wani ya ci bashi a tebur, ranar Litinin a haɗu a kasuwa ana kauda kai. Ku da kuke musu a kan murfin kwalba, ka auna abin da zai faru idan kuɗin cefane ne a tsakiya. Idan mutum ya dage sai da kuɗi, ba tsarin wasa ne matsalarsa ba, kuma babu dokar littafi da za ta gyara shi.

Nan ne iyakata. Ni sanin karta gare ni, ba fatawa ba. Malamai sun yi magana a kan karta ko babu kuɗi, wasu sun hana, wasu sun ƙyamata, wasu sun sassauta da sharuɗɗa, wannan ku kai wa malamin da kuka amince da shi. Abin da na faɗa kuma na teburin gida ne mai mutum biyar zuwa takwas, ba na gidan caca ba. Doka ɗaya dai nake roƙon ku ɗauka ko me kuka yanke: babu rantsuwa a tebur. Burga da murafu ake yin ta, mutum ya zuba ya yi shiru, kowa ya san cikin wasa ne. Amma ya ce wallahi yana da as alhali ba shi da shi, wannan ya fita daga wasa.

Asabar mai zuwa ku fara da huɗu kawai, Holdem, Abarba, Stud da Omaha, ku sa lokacin tashi tun kafin a raba kartar farko, kuma zagayen ƙarshe a sanar da shi kafin a fara shi don kada wanda ke ƙasa ya ce a ƙara. Abokinku na Yawunde ku ba shi aikin rubuta littafin da koyar da sabon wasa ɗaya duk wata, a karanta abin da ya rubuta a gaban kowa kafin a amince.